Wandon Azariya a Bakin Rafi

Idan ka shiga majami'ar wani ƙauye da ke bayan Manchok ranar Lahadi, kada ka tsaya kallon gaba. Waiwaya baya, kusa da ƙofa, inda ake jingine tsintsiya da laima. Akwai wani benci a can shi kaɗai, ba shi da majingina, kuma ba mai zama a kansa don son ransa. Nan ake ajiye wanda dattawan ikilisiya suka sa wa horo. Ba ya cin Jibin Ubangiji, ba ya ba da waƙa, ko kwanon baiko, na tara kuɗin sadaka, sai ya gama zaga kowa sannan ya iso gare shi. Yawanci samari ne da 'yan matan da ciki ya tona wa asiri, su yi 'yan watanni a tashe su. Amma siririn dattijon nan da za ka tarar a kai, mai tabo ko'ina a ƙwauri, ya ga samari da yawa sun zo sun bar shi a wurin. Sunansa Azariya, kuma kafin ya koma bencin shi ne mai ba da waƙa a majami'ar tun iyayen yaran yanzu suna goye.

Wando ne ya kai shi can. E, wando dai, na sawa. Amma bari a faro daga tushe, don wanda ya tsinci zancen a tsakiya zai ɗauka abin dariya ne.

Azariya ya buɗe ido ya tarar ubansa ba ya gani. Ba shi kaɗai ba ne. A zamanin, idan ka wuce gindin mangwaron tsakar gari da hantsi za ka ga magidanta a jere, ƙarfinsu bai ƙare ba amma idonsu ya mutu, suna susar jiki da totuwar masara har fata ta yi dabbare-dabbare. Ana cewa rafin da ke gangarowa daga dutse ne yake karɓar idon mutane a madadin ruwan da suke sha. Azariya ne ke riƙe wa uban sanda zuwa sujada, a hanya kuwa tsohon yana rera waƙoƙi yana sa shi maimaitawa, har ya haddace su tas kafin ya iya karatu. Daga baya ma'aikatan lafiya suka fara zuwa shekara-shekara da wata sanda mai zane-zane, a auna tsayinka a ba ka ƙwaya. Su suka ce ba ruwan rafi da ido. Wani ɗan baƙin ƙuda ne da ke haihuwa inda ruwa ke gudu da ƙarfi, shi ke ɗauko tsutsa daga jikin wannan ya kai wa wancan. Lokacin da ƙwayar ta iso, uban Azariya ya riga ya yi shekaru a ƙasa.

Haka ya girma, mutum mai sanyin hali, irin waɗanda ko ka taka musu ƙafa su ne za su ce maka sannu. Yana noman citta da acca da 'yar masara. Ya auri Zipora, mace mai baki kamar reza amma mai riƙon gida, suka haifi 'ya ɗaya, Joanna, wadda ta yi aure a Fadan Kaje. Ba shi da sarauta, ba shi da babur. Abin da yake da shi kawai shi ne idan ya tashi gaban ikilisiya ya ɗaga murya, ko mai gyangyaɗi sai ya farka.

Sai ga Dokta Mildred. Ba likitar allura ba ce, ta ƙwari ce, daga wata jami'a. 'Yar Kafanchan ce, ta iya durƙusa wa manya, ta ci tuwon acca da hannu a gidan dagaci, kowa ya ce wannan tamu ce. Ta ce ana so a gane ko har yanzu tsutsar nan tana cikin ƙudan. Idan aka kama da yawa aka duba ba a samu ba, to makantar ta ƙare ke nan, a daina shan ƙwaya. Matsalar ita ce ƙudan ba ya zuwa sai wurin mutum, don haka ana neman wanda zai zauna bakin rafi ya ba da ƙafarsa. Samari suka bushe da dariya. Azariya ya tuna sandar ubansa, ya ɗaga hannu.

Aikin ba wani abu ba ne a faɗe. Ka zauna kan dutse tun da safe, ka naɗe wando zuwa gwiwa, ka riƙe 'yar kwalba. Ƙuda ya sauka, ka kife shi kafin ya cije ka. Sai dai sau da yawa shi ke riga ka. Da yamma ka juye abin da ka kama cikin wata kwalba mai sifirit, ɗaliban Dokta su zo su kwasa. Damina ta bi damina yana wannan. Abokin hirarsa a wurin Bobbo ne, wani Bafulatani da ke kawo shanu mashaya, wanda kullum sai ya tsokane shi.

"Azariya, ni ina kiwon shanu, kai kana kiwon ƙuda. Yaushe za ka fara tatsa?"

"Ranar da naka suka fara waƙa," in ji Azariya.

A gari ma dariya ce kawai, har ana ce masa Sarkin Ƙuda, ya amsa. Dokta Mildred kuwa ba ta zuwa hannu rabbana: yau man shafawa, gobe sabulu na Zipora. Ta kan ce cikin duk masu kama mata ƙuda a rafuka daban-daban babu wanda ƙuda ke so kamarsa. Yana jin daɗin maganar, Allah sarki, kamar yabo ne.

Wata rana ta zauna kusa da shi kan dutsen, ta dubi ƙwaurinsa, ta girgiza kai.

"Baba, wannan cizon ya isa. Muna so mu haɗa tarko, don kada a sake sa mutum ya ba da jikinsa. Amma ƙudan warin mutum yake bi. Ka sa wando ɗaya ka yi ta aikin gona da shi, kada a wanke, sai ka ba ni."

To, a nan ne gizo ke saƙa. A ƙauyen, tufar da ta sha gumin namiji ba ta fita daga gida. Ko wanki ne, ba a kai wandon maigida rafi. Matarsa ce ke wanke shi a bayan ɗaki, ta zubar da ruwan a rami ta rufe. Bishara ta shigo garin tun kakanni, amma ba ta kori wannan ba, domin kowa ya yarda wanda ya riƙe guminka ya riƙe ka, kuma wanda ya ba da guminsa da hannunsa akwai abin da aka yi masa alkawari. Da Azariya ya kai wa Zipora zancen, ko ɗaga kai ba ta yi daga tsintar acca ba.

"Baban Joanna, ƙafarka taka ce, ka ba ƙuda. Wando kuwa ni ke wankewa, kuma ba zai bar gidan nan ba."

Ya koma ya gaya wa Dokta. Ta kama hannunsa biyu.

"Baba, ni ma 'yar ƙasar nan ce, na san abin da Mama ke tsoro. A leda zan ƙulle shi, daga nan sai ɗakin bincikenmu. Babu idon mutumin garin nan da zai gan shi. Na yi maka alkawari."

Ya ba ta, a ɓoye. Kuma da yake tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wandon da ya zaɓa shi ne mai ruwan ƙasan nan da Zipora ta yi wa faci a gwiwa da ragowar zanen Zumuntar Mata, ƙungiyar matan majami'a. Ko yaro a garin ya san wandon.

Ba a jima ba Joanna ta haihu, Azariya da Zipora suka tafi Fadan Kaje ganin jika. Suna can wasu mata masu neman itace suka haura rafi, suka ci karo da abin da ya sa suka zubar da kaya suka sheƙo gari. An kafa sanduna a bakin ruwa, an ɗaura tamfol baƙi da shuɗi, an shafe shi da danƙo, matattun ƙudaje sun manne baƙi ƙirin. A ƙasa ga jarka tana ɓulɓula tana wari irin na burkutu, da 'yar roba ta fito daga bakinta. A sama kuma, a rataye, wandon Azariya, facin Zumuntar Mata yana kallon kowa.

Sukari ne da yis, abin kumbura burodi, a jarkar, don su fitar da iska irin ta numfashin mutum. Wannan ke nan tarkon. Ɗaliban Dokta ne suka kafa shi, da saninta, domin ba a gwada tarkon ƙudan rafi a ɗaki. Ta san da haka tun ranar da take riƙe da hannunsa. Amma wa zai tsaya jin zancen yis? A cikin makon nan ruwa ya cika, ya tafi da ɗan Kaleb, ɗaya daga dattawan ikilisiya, yana ƙetarawa da babur, aka tsinci gawarsa ƙasa kaɗan da wurin. Nan da nan aka ce tsafin Azariya ne ya ci yaron, samari suka haura da adduna. Ɗaliban suka ji ƙishin-ƙishin, suka tattara tarkonsu da wandon suka shiga mota. Da Azariya ya dawo, ko sannu da zuwa bai samu ba.

Dattawan ikilisiya suka kira shi. Ya yi bayani dalla-dalla. Kaleb, wanda suka yi kiwon awaki tare suna yara, yana zaune idonsa ja wur.

"Azariya, in aikin lafiya ne, matarka ta sani?"

Aka kira Zipora. Ta dubi mijinta, ta dubi ƙasa. Ba ta iya ƙarya ba, ko don shi.

"Ban sani ba," ta ce.

Shi ke nan, ruwa ba ya tsami banza, in ji jama'a. Bobbo ya taso takanas daga ruga ya ce shi shekara da shekaru yana ganin mutumin nan, ban da ƙuda bai taɓa ganin ya kama komai ba. Aka yi masa godiya, aka ce wannan maganar cikin gida ce. Hukuncin da suka yanke, a gaskiya, ba su rufe ƙofa ba. Suka ce ya koma bencin baya har ranar da Doktar za ta zo ta tsaya gaban ikilisiya ta faɗa da bakinta abin da aka yi da wandon. Magana ɗaya daga gare ta, ya koma wurinsa.

Azariya har ya ji sanyi a ransa. Ai abu ne mai sauƙi. Ya kira ta a waya.

"Wayyo Baba, ka yi haƙuri. Lahadi mai zuwa ina nan."

Ranar ya sa farar rigarsa, ya zauna a bencin yana leƙen hanya. Ba ta zo ba. Ɗalibai na jarrabawa ne. Lahadi ta gaba hanya ce ba kyau. Daga nan ta tafi taro ƙasar waje. Daga nan waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka, sai can a turo saƙo cewa tana cikin mitin. Shi kuwa kowane uzuri sai ya karɓa ya kai wa Zipora kamar tsaraba, yana cewa ai manyan mutane aiki ya yi musu yawa.

A gari kuwa abin ya wuce benci. Ya kira gayyar citta, mutum biyu suka zo, su ma ba su ci abincin ba. Kunun da Zipora ke kaiwa kasuwa ya riƙa dawowa yadda ya tafi. Yaran da ya koya wa waƙa idan suka hango shi sai su sauya hanya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne wanda aka ba waƙa a madadinsa kullum sai ya ɗauko ta da sama, mata su kasa kaiwa, a yi ta ja kamar ana jan akuya zuwa kasuwa, shi kuma yana baya bakinsa a rufe. Zipora ta bar layin Zumuntar Mata ta dawo bencin da ke gabansa. Sau ɗaya tak ta ce masa "na gaya maka", ba ta ƙara ba, kuma shirun nata ya fi maganar ciwo. Joanna ta ce su koma wata majami'a a Manchok mana. Ya ce a nan ya riƙe wa ubansa sanda, a nan za a wanke shi.

Damina biyu suka wuce a haka. Rannan sai sanarwa ta zo cewa za a yi taro a filin firamare, Dokta Mildred za ta zo da manyan baƙi. Zo ka ga Azariya. Ya yi aski, ya goge takalmi, ya ce wa Zipora rana ba ta ƙarya.

An kafa rumfuna, an kawo lasifika. Ikilisiya kaf tana wurin, da fasto, da dattawa, da Kaleb a layin gaba. Azariya ya tsaya gefe, gindin mangwaro. Dokta ta tashi, ta ƙara haske da ƙiba, Hausarta tana nan daram. Ta ce an duba ƙudajen rafin nan ba a sami tsutsa ba, za a daina rabon ƙwaya, jikokinsu ba za su san makantar nan ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Azariya ya ji hawaye sun zubo masa, na murna ne, wallahi na murna. Sannan aka buɗe wani babban hoto: tamfol baƙi da shuɗi, da jarka. Jama'a suka dubi juna. Tarkon ne sak, sai dai babu wando a jiki. Ta ce wannan sabuwar dabara ce da ita da abokan aikinta suka gwada, yanzu ba sai ɗan adam ya ba da ƙafarsa ba.

Azariya ya matso gaba. Yanzu za ta faɗa. Ga hoton, ga dattawan, ga shi tsaye. Ta gode wa hakimi. Ta gode wa dagaci da fasto. Ta gode wa baƙin da suka ba da tallafi, ta kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba. Ta gode wa dukan jama'ar gari saboda haɗin kai. Ta zauna, aka tafa.

Wani daga baya ya ce, "Ai na Dokta daban ne, ka ga wando a jiki? Shi Azariya ya kwaikwaya ya yi nasa." Kafin a raba shinkafa maganar ta zaga fili.

Ita ce ta neme shi, a faɗi gaskiya. Ta aiko direba ya kira shi bayan mota, ta ɗan rusuna.

"Baba, ka rame."

"Dokta, ga dattawan can ba su watse ba. Taku kaɗan ne."

"Baba, akwai doka a aikinmu. Ba a bayyana sunan wanda ya ba da wani abu na jikinsa. Don kare ku aka yi ta."

Kare shi! Mutumin da ko gaisuwa ba a amsa masa a garinsu.

"Sunan ai nawa ne, 'yata," in ji shi a hankali. "Na ba ki. Ki faɗa."

Ta dubi inda baƙin suke, ta rage murya. Ta ce lokacin da suka rataye wandon a rafi ba su riga sun sami izinin masu sa ido kan bincike ba. Idan ta faɗa a bainar jama'a, maganar za ta kai inda bai kamata ba, a tuhumi aikin gaba ɗaya, wahalar kowa ta tashi a banza, har da tasa. Ya ba ta lokaci, za ta san yadda za ta yi.

Ya tsaya yana kallonta. A ransa yana cewa ashe ba aiki ne ya yi mata yawa ba, tun farko ba ta da niyyar zuwa. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Ya juya zai tafi, sai ta ce:

"Baba, akwai wata 'yar alfarma kuma. Za mu gwada tarkon a wani rafi. Mun sa na mutane da yawa, har da turaren da aka haɗa a ɗakin bincike, babu wanda ya kama ƙuda kamar naka. Wancan warinsa ya tafi. Ko za ka taimaka mana da wani?"

Da Zipora ce a wurin, da baƙin sun ji abin da ba su zo ji ba. Azariya kuwa juyowa kawai ya yi.

"Zan ba ki," ya ce. "Ki zo ranar Lahadi, majami'a. Zan miƙa miki a gaban kowa, ki karɓa da hannunki. Ba sai kin kira sunana ba, ba sai kin ce komai ba. Ki karɓa kawai su gani."

"To, Baba. Zan duba."

Makon nan kaf wando ɗaya ya sa a gona, baƙi, ya hana a taɓa shi. Wannan karon bai ɓoye wa Zipora ba. Ta dube shi, ta nemo masa leda mai kyau. Ranar Lahadi ya zauna a bencinsa, ledar a kan cinya. Fasto ya yi doguwar addu'ar godiya domin an kawar da makanta daga garin, aka ce amin da ƙarfi. Mai ba da waƙa ya ɗauko ta da sama kamar kullum. Duk babur ɗin da ya wuce sai Azariya ya leƙa ƙofa. Aka yi baiko, aka yi sanarwa, aka sa albarka. Mutane suka fita ta gefensa suna kauce wa ledar. Kaleb ne na ƙarshe. Ya tsaya ya dubi ledar, ya dubi Azariya, sannan ya sa hularsa ya wuce.

Suka zauna su biyu har mai shara ta zo ɗaukar tsintsiya. Zipora ta miƙe ta karɓi ledar daga cinyarsa, bai hana ta ba. Washegari da safe ta wanke wandon a bayan ɗaki, ta zuba ruwan a rami, ta rufe da ƙasa.